An Kwance Mari, Sai Kuma Me? Jawabin da aka gabatar ga matasan Agye, Gazawa da Gidan Rumji



Yau zancen gidan mari na kawo. Kowa a nan ya san kalmar, don da yawanmu an yi mana barazana da ita tun muna ƙanana: "In ba ka shiryu ba, mari za a kai ka." Mu da Katsina da Daura ai zumunci ne da kasuwa, shi ya sa uban da ɗansa ya gagare shi ba ya jin nisan ƙetare iyaka ya miƙa shi ga malam.

A ƙarshen watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, akasarinsu yara da samari, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wasu sun ce an yi lalata da su. A watan Oktoba aka buɗe wani gidan a Daura, aka tarar da mutum 67 a ɗaure, sai kuma cikin birnin Katsina, sai Zariya. Gwamnatin Kano ta ce a rufe irin waɗannan gidaje a jiharta. Mun ga hotuna a waya, mun yi salati, mun tura wa juna. Daga nan shiru.

Ni ba zan zagi iyaye ba. Ku dubi uwar da ɗanta ke shan taramol, ya sayar da akuyarta, ya ɗaga wa ubansa hannu. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi mata nisa, kurkuku abin kunya ne, ga malam ya ce a kawo shi zai shiryu, har da karatu. Ta biya kuɗinta da kyakkyawar niyya. Kuma kar ku ce sai gidan malamai: a 2018 BBC ta nuna samari ɗaure da sarƙa a cibiyar Ɗorayi ta gwamnati a Kano. Kai har Amurka, Paris Hilton, ɗiyar masu kuɗi, ta fito a 2020 ta faɗi abin da aka yi mata a wata makarantar kwana ta gyaran hali a jihar Utah.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar dawowa gida. Ɗan sanda ya sare ƙarfe da guduma, aikinsa ya ƙare. Yaro ya sauka tasha yana tafiya a tattale, don ƙafar ta saba da mari. Da dare ba barci, ƙarar kwano kaɗai ta isa ta zabure shi. Wani ya yi fitsarin kwance yana da shekara goma sha bakwai. Wani ya daina magana, gida su ce, "Alhamdu lillahi, ya natsu." Wallahi ba natsuwa ba ce, tsoro ne. Wanda aka yi wa lalata kuwa, wa zai faɗa wa? A garinmu namiji ba ya furta wannan, sai ya haɗiye. To mai haɗiye irin wannan abu, in ya wuce teburin mai sayar da ƙwaya, me kuke tsammani?

Sarƙa ba ta maganin ƙwaya. Wanda ya daɗe kan taramol aka yanke masa dare ɗaya, zai yi zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rawar jiki. Ciwo ne na jiki, aikin likita ne a bi shi sannu a hankali. A gidan mari sai a ce taurin kai ne ko iskoki, a ƙara bulala.

In wani ya dawo unguwarku, fara da ƙafar. Gyambon mari yana ruɓewa, a kai shi likita a wanke, a yi allurar tetanus. Ka bar kiran shi "ɗan mari", ko da wasa ne a fada. Kar ka matsa masa da tambaya, amma ran da ya buɗe baki, ka yarda da shi, kuma maganar ta tsaya wurinka, ban da WhatsApp. Ka ja shi wurin shayi, wurin ƙwallo, wurin mai walda ko tela, hannunsa ya samu abin yi. In ya koma shan ƙwaya sau ɗaya, kar a ce a mayar da shi can.

In kuwa ka ji ana shirin tafiya da ƙanenka, ka zauna da Baba cikin ladabi, ka tambaye shi: za a bar mu mu gan shi duk ran da muka zo, mu kaɗai da shi? Za mu ga ɗakin kwanansa? Akwai malamin asibiti? In an ce ba a ganin yaro sai bayan wata uku, ka nemo kawu ko liman su sa baki tun ba a shiga mota ba. In abin ya faskara, akwai alƙalin yara a Maraɗi, kuma ɗaure yaro da sarƙa laifi ne ko da iyayensa sun amince.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.