Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Lambar Yabo Ga Masana'antunmu

Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da matasan ma'aikata



 An ba mu ɗan lokaci ne mu yi magana a kan wani aiki da ba a koyar da shi a aji, amma sau da yawa yakan faɗo a kan ɗalibin da ya je koyon aiki a Sharada ko Challawa ko Bompai, watau rubuta takardar shiga gasar neman lambar yabo ko tallafi a madadin wata masana'anta.

Bari mu fara da abin da ya same mu. Mu uku aka tura wata masana'antar robobi a Sharada. Ran nan manaja ya kira mu ofis, ya miƙo mana wani fom mai shafuka da yawa, ya ce, "Ku ne 'yan boko. Ku cika mana wannan, ku wasa mu yadda ya kamata." Muka kwana biyu muna zuba Turanci. Muka ce kamfanin nan ba shi da na biyu a Arewa, kayansa sun fi na kowa ƙarko, ma'aikatansa kuwa kullum cikin walwala suke. Da muka gama sai muka kai wa wani dattijon akawu da ya daɗe a wurin don ya duba mana. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Samari, wannan ai kirari ne. Da ni ne alƙalin gasar, tambaya ɗaya zan yi muku: ina shaida?" Muka yi tsuru-tsuru, don a cikin shafi shida babu lamba ko ɗaya.

Wannan tambaya ta dattijon ita ce jigon maganarmu ta yau. Mai rubuta irin wannan takarda mai ba da shaida ne a gaban alƙalai, kuma aikin mai shaida daban yake da na maroƙi.

Kafin mu shiga yadda ake yi, ya kamata mu san abin da ya sa batun ya cancanci a tara jama'a a kansa. Sana'a a Kano ba baƙuwa ba ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya tarar da saƙa da rini da jima sun kankama, tufafin Kano suna ratsa Sahara. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Aka keɓe Bompai domin masana'antu tun zamanin Turawa, daga baya Sharada da Challawa suka biyo, masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da alewa da robobi suka cika su. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ƙara jawo 'yan kasuwarmu ciki. Amma tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar naira, da rashin wutar lantarki, da kwararowar atamfa da yadi daga ƙasar Sin zuwa Kantin Kwari, masana'antu da dama suka rufe. Duk wanda ya zaga Bompai ya ga gine-ginen da a dā injuna ke ruri a cikinsu, yanzu sun zama ɗakunan ajiyar kaya. Daɗin daɗawa, a 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 kuɗin wuta ga masu rukunin farko ya koma naira 225 kan kowane ma'auni, fiye da ninki uku na farashin dā.

To, jama'a, masana'antar da ta ratsa duk wannan, har yau kuma take buɗe ƙofa da safe tana biyan albashi a ƙarshen wata, lalle tana da labari na gaskiya mai ƙarfi. Abin takaici shi ne a zo ba da labarin a binne shi cikin kirari.

Kada kuma a ɗauka lambar yabo ado ce kawai ta rataye a bangon ofis. A nan gida akwai lambar ƙwazon aiki ta ƙasa da Gwamnatin Tarayya ke bai wa mutane da kamfanoni. Akwai kuma gasa masu ɗauke da jari. A 2011 gwamnati ta buɗe gasar YouWiN ta rubuta tsarin kasuwanci. A zagayen farko mutum kusan 24,000 suka nema, 1,200 suka ci, ana ba da har naira miliyan 10. Wani masani na Bankin Duniya, David McKenzie, ya bi sawun masu gasar na shekaru, ya gano cewa waɗanda suka ci sun fi takwarorinsu ɗorewa, sun kuma fi su ɗaukar ma'aikata. Tun 2015 kuma gidauniyar Tony Elumelu take zaɓen matasan Afirka tana ba kowannensu dala 5,000. Duk waɗannan da takarda ake shigarsu. Ashe ke nan 'yan shafukan da aka miƙa wa ɗalibi ya cika suna iya zama sanadin aikin yi ga magidanta goma, ko kuma sanadin rasa shi.

Abu na farko shi ne a karanta tambaya a amsa ta. Wannan kamar wasa ne, amma nan mafi yawa suke faɗuwa. Alƙalan gasa suna da ma'auni a rubuce, kowace tambaya da makinta. In an tambayi yadda ake tabbatar da ingancin kaya, sai mu ɓige da tarihin mai kamfani da yawan sadakarsa, to, alƙali ba shi da gurbin da zai sa mana maki ko da ya so. In an ce kalma 300, a tsaya a 300. A Amurka, gasar inganci ta Malcolm Baldrige da aka kafa a 1987 ta daɗe tana ƙayyade wa manyan kamfanoni shafi 50 kacal. In kamfanin da ke da dubban ma'aikata zai iya taƙaita kansa haka, mu ma za mu iya.

Abu na biyu, wanda za mu ɗan daɗe a kansa, shi ne lissafi. Kowace magana ta yabo a nemo lambar da za ta tsaya a madadinta, a haɗa ta da shekara. Maimakon a ce "mun bunƙasa ƙwarai", a ce, alal misali, a shekara kaza muna fitar da bokiti dubu kaza a wata, bana muna fitar da dubu kaza. Maimakon a ce "muna kula da ma'aikata", a faɗi yawansu, da yawan na dindindin a cikinsu, da yawan mata, da yawan waɗanda suka shigo leburori suka zama masu sarrafa inji. Za a ce mana ai ba a ajiye irin wannan bayani. Ana ajiyewa, sai dai a warwatse yake. Yana cikin littafin mai kula da sito, da takardar albashi, da rasit ɗin dizal, da takardar kuɗin wuta, da littafin mai gadi inda ake rubuta motocin da suka fita da kaya. Bayan dattijon akawun nan ya kunyata mu, mako guda muka yi muna bin waɗannan littattafai, kuma a can muka gano abin da manajan kansa bai kawo a ransa ba: ashe tun da aka fara niƙa ɓarnar roba ana mayar da ita cikin inji, abin da ake zubarwa ya ragu sosai. Wannan ɗaya ya fi shafukanmu shida na farko nauyi.

A nan akwai tarkon da ya kamata mu ja kunne a kansa. Tun daga 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai, farashin kome ya tashi. Saboda haka kamfani yana iya nuna cewa cinikinsa ya ninka a naira alhali kayan da ya sayar sun ragu. Alƙalin da ya san aikinsa zai gane wannan nan take, kuma daga nan zai fara shakkar sauran abin da muka rubuta. Don haka a auna ci gaba da abin da hauhawar farashi ba ta taɓawa: tan nawa, ƙwaya nawa, fata nawa, ma'aikaci nawa, lita nawa ta dizal aka ƙona kafin a fitar da tan guda. In an kawo naira, a kawo ta tare da waɗannan.

Abu na uku, a zaɓi wahala ɗaya a ba da labarinta daga farko har ƙarshe. Me ya faru, me aka yi, nawa aka kashe, me ya biyo baya. Mun saba ɓoye wahala don gudun kada a raina mu, alhali kuwa alƙali ya san halin wuta da hanya da tsadar kayan aiki a Kano. Abin da bai sani ba shi ne dabarar da wannan masana'anta ta yi ta tsira. Masu dabarar kuwa galibi ba a ofis suke ba. A sauka wurin injuna, a zauna da makaniki da shugaban leburori, a yi musu tambaya da Hausa, a saurara da kyau, sa'an nan a rubuta abin da suka faɗa da Turanci mai sauƙi. Manyan kalmomi ba su ƙara maki.

Abu na huɗu shi ne mafi wuya, don ya shafi amana. Gasa da yawa a yau suna tambaya a kan muhalli da lafiyar ma'aikata. Kowa a ɗakin nan ya san yadda ruwan da ke fitowa daga majemun Challawa da Sharada, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi, ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa, inda manoma ke ban ruwa, jama'ar Kumbotso da kewaye kuma ke fama da warinsa. In aka miƙo wa ɗayanmu fom aka ce ya rubuta cewa ana tace ruwa alhali injin tacewar ya shekara a tsaye, me zai yi? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Manyan gasa, tun daga lambar Deming da aka kafa a Japan a 1951, sukan tura masu duba su je su gani da ido, kuma gani ya kori ji. Amma ko da ba wanda zai zo, mu da muka rubuta mun sani, kuma danginmu ne ke cin ganyen da aka shayar da ruwan nan. Hanyar da ta dace ita ce a faɗi inda aka kai, a faɗi abin da ya rage, a faɗi ranar da aka ɗiba don gyara. In manaja ya ƙi, to, a gaya masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, wannan layin dai ba da hannunmu ba." Ɗalibi yana iya rasa 'yan kuɗin mota saboda wannan magana, amma sunansa zai bi shi har ƙarshen aikinsa.

Abu na biyar ba ya bukatar dogon bayani. A haɗa takardun shaida tun da wuri: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, ta hukumar kula da ingancin kaya, ta NAFDAC in abinci ne ko abin sha ko magani, da wasiƙa daga wani abokin ciniki na gaske. A ba wani da bai san kamfanin ba ya karanta; duk inda ya tsaya ya yi tambaya, nan alƙali ma zai tsaya. A kuma miƙa kafin ranar rufewa.

Yanzu ga yayyenmu ma'aikata. Wata rana ku ne za ku zauna a kujerar alƙalanci, ko ku tace takardu kafin su kai gare ta. Abin da ya sa masu masana'antu da yawa ba su damu da rubuta takarda mai kyau ba shi ne zaton da suke yi cewa an riga an raba lambobin tun kafin a buɗe gasa, ko kuma sai wanda ya sayi tebur a wajen liyafa. Duk ranar da kuka fifita ɗan gida a kan mai shaida, kun koya wa Sharada da Bompai gaba ɗaya cewa ajiye lissafi ɓata lokaci ne. In kuwa kuka tsaya a kan ma'auni, kuka kuma rubuta wa wanda bai ci ba dalilin faɗuwarsa, to, baɗi zai dawo da takarda mafi kyau da masana'anta mafi tsari.

Watakila kuna son ku ji ƙarshen tamu takardar. Ba mu ci ba. Amma bayan 'yan watanni, da kamfanin ya tashi neman bashin sayen sabon inji, lissafin nan da muka tattaro daga sito da ɗakin mai gadi shi aka ɗauka aka kai banki, kuma tun daga lokacin aka buɗe littafi guda da ake shigar da kome a ƙarshen kowane wata. A gasar YouWiN ma, cikin waɗanda suka kai matakin ƙarshe akwai da yawa da ƙuri'a ce kawai ta raba su da masu nasara. Saboda haka faɗuwa a gasa ba abin kunya ba ne ga wanda ya rubuta gaskiya.

Muna roƙon duk wanda za a tura koyon aiki a bana, in aka miƙo masa irin wannan fom, ya ajiye alƙalami tukuna, ya nemi littafin sito.