GIDAJEN BAKIN RUWA: INA RUWAN ZAI KOMA?

 

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar masu kuɗin da ke neman bakin ruwa, watau tafki da kududdufi da fadama, su cike da ƙasa su jera gidaje bango jikin bango, don haya ko sayarwa. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. In Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya fili zai yi tsada, masu taswira kuwa za su biyo. Gara mu auna tun ba su iso ba.

Mu faɗi gaskiya, abin yana da nasa amfani. Magini da lebura da mai tipa za su sami aiki, mai tuwo za ta sami ciniki. Kududdufin da aka bari ya zama juji kuwa gidan sauro ne, yara ma sukan halaka a ciki. Wanda ya ce a gyara shi bai yi laifi ba.

Amma fa mu dubi Kano, inda da yawanku ke saro yadi, domin sun riga mu gani. Kududdufan birni ramuka ne da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa. Da damina nan ruwan unguwa yake gangarawa ya kwanta, ya nutse a hankali. Da aka yi ta cike su ana yanka filaye, ruwan sama bai ragu ko ɗigo ba, masauki kawai ya rasa. To, ina zai nufa? Ɗakin talakan da ke gangare mana, wanda bai ci ko kwabo a cinikin ba. Mai bene ya ɗaga daɓensa ya kwana lafiya. A damanar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, gwamnati da bakinta ta ce gine-ginen da aka ɗora bisa magudanai ne sanadi.

Sa'an nan ga maganar takarda, ku 'yan kasuwa ku kasa kunne ƙwarai. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana. Yana da ikon ba da fili, yana da ikon sokewa in an ce don amfanin jama'a ne. Diyyar da doka ta sani ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Mai lambu a bakin fadama za a ƙidaya masa mangwaro da rake a sallame shi, rani mai zuwa ba shi da wurin shuka albasa.

Mai saye ma bai tsira ba. Wata gwamnati a Kano ta raba filaye, mutane suka biya suka gina. Wadda ta gaje ta, cikin watan Yuni 2023, ta kawo katafila ta rushe kantunan Filin Idi da ginin Otal ɗin Daula, ta ce filin jama'a ne. Kotun Tarayya ta yanke wa masu kantunan Idi diyyar Naira miliyan dubu 30, daga baya aka sasanta a kan miliyan dubu 3. Ku yi lissafin da kanku, ai kun fi mu iya shi.

Saboda haka ran da aka zo da taswira, ko a bakin madatsar Bagoma ko a fadamar bayan gari, kada mu yarda a gama magana a zauren hakimi da mutum biyar. Dokar auna illar muhalli ta 1992 ta ce babban aiki sai an baje rahotonsa jama'a sun gani sun yi magana. Mu ce a karanta mana shi da Hausa, ran kasuwa. A nuna mana a ƙasa, ba a takarda ba, inda ruwan Agusta zai bi. A rubuta cewa hanyar shanu zuwa mashaya da wurin wankin mata ba za a katange su ba. Kuɗin hayar ɗaki ɗaya kuma a faɗe shi a fili, mu ji ko mai tireda zai iya shiga.