Legas, Kano da Abuja: Wane Birni Ya Fi Wani?



Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tashoshin mota da wuraren shan shayi, wato gardamar wane birni ne ya fi kowanne muhimmanci a Nijeriya. Mutumin Legas zai ce kuɗin ƙasar nan a hannunsa suke. Bakano zai ce tun kafin a san Bature birninsa yake ciniki da ƙasashen Larabawa. Ma'aikacin Abuja kuwa sai ya yi murmushi, domin ya san duk wanda ke neman sa hannun minista, nan zai zo. Ga mutanen Ushafa wannan magana ta wuce hirar dare, saboda kowace shekara akwai samarin da ke tsayawa su yi shawarar inda za su nufa neman abinci, akwai kuma magidanta da ake taya gonakinsu da sunan birni ya iso. Wanda bai san abin da ya tsayar da kowane birni da ƙafafunsa ba, yana iya sayar da abin da ke hannunsa da araha.

Arzikin Legas daga teku ya fito. Jihar ita ce mafi ƙanƙantar faɗin ƙasa a tarayya, amma ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, wadda aka buɗe a 1977, da kuma sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023, mafi yawan kayan da ake shigowa da su ke sauka. Inda kaya ke sauka, nan bankuna da kamfanonin inshora da masana'antu kan taru. Shi ya sa har yau hedkwatar yawancin manyan bankunan kasuwanci da kasuwar hannun jari suna Legas, ko da yake Babban Bankin Nijeriya yana Abuja. A Lekki ɗin kuma aka gina matatar man Ɗangote, wadda aka tsara ta tace ganga 650,000 a rana. Abin lura shi ne mai matatar Bakano ne, jikan gidan Alhassan Ɗantata. Jarin da ya samo tushe a Kano shi ya je ya zauna a bakin teku. Ta fannin al'adu, a Legas aka yi bikin FESTAC na 1977, kuma daga can mafi yawan finafinai da kaɗe-kaɗen da suka kai sunan Nijeriya Ingila da Amurka ke fitowa. Sai dai birnin yana biyan wannan ɗaukaka da tsada: cunkoson motoci, ƙarancin muhalli da kuɗin haya mai karya ƙashin bayan talaka. Cunkoson nan ma yana cikin dalilan da suka sa aka ɗauke masa kujerar mulki.

Labarin Kano ya fi wannan tsawo, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Tarihi ya nuna an fara ganuwar birnin a zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, aka kuma gina fadar da sarakunan Kano ke zaune a ciki har yanzu. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya iso a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da masaƙa da marina ke yi, waɗanda fatake ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ma'ana, Kano ba ta tsaya ga dillancin kayan wasu ba, tana ƙera nata. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, Turawa sun sa ran auduga za su kwasa, amma manoma da 'yan kasuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata gare ta, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar birnin a idon duniya. A Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925.

Dalar gyaɗa ta ɓace tun cikin shekarun 1970, kuma masana'antu da dama na Bompai da Sharaɗa da Challawa sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba kuma za a ɓoye ta ba. Duk da haka tumbin giwa bai bushe ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana ciyar da Nijar da Chadi da Kamaru, Kantin Kwari na tufatar da Arewa baki ɗaya, kuma finafinan Hausa da littattafan da ake bugawa a Kano suna isa duk inda ake jin Hausa, daga Maraɗi zuwa Kumasi. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ta zo da mutum miliyan 9.4, Jihar Legas kuma kimanin miliyan 9, alƙaluman da gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da su; amma yawan kai kaɗai bai taɓa raba irin wannan gardama ba.

Sauran biranen kowanne da abin da ya riƙe. Ibadan ce ta fara samun jami'a a 1948 da gidan talabijin a 1959. Fatakwal an kafa ta ne domin fitar da kwal ɗin Inugu, sai man fetur da aka samu a Oloibiri a 1956 ya sauya mata fuska. Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, ta yi zamanin masaƙu, ita ma ta ga bayansu. Zariya tana da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, Sakkwato kuma tana da darajar da ba a auna ta da naira.

To ina matsayin Abuja? Ita ce ƙanwa a cikinsu, kuma ita kaɗai aka haifa da alƙalami. A watan Agusta na 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, a Fabrairun 1976 aka kafa dokar Babban Birnin Tarayya, sannan ranar 12 ga Disamba, 1991, kujerar mulki ta taso daga Legas. Garin da ke da sunan Abuja tun asali ya bar sunan, ya koma Suleja. An zaɓi wurin ne saboda yana tsakiya, kuma babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku da za ta ce nata ne. Aikin Abuja shi ne mulki da sasanta ƙasa: Fadar Shugaban Ƙasa, Majalisar Tarayya, Kotun Ƙoli, ofisoshin jakadanci da hedkwatar ECOWAS duk suna nan. Amma dole a faɗi abin da ba ta da shi. Abuja ba ta da tashar ruwa, masana'antunta kaɗan ne, kuma kuɗin da ke yawo a cikinta galibi albashi ne da kwangila da cinikin filaye. Birni ne mai ci daga abin da sauran suka noma. Hayaniyar da ta tashi a farkon 2024, da aka sanar da mayar da hedkwatar hukumar filayen jiragen sama da wasu sassan Babban Banki zuwa Legas, ta nuna cewa har yanzu ana jan igiya tsakanin inda mulki yake da inda ciniki yake.

Wanda ke son ganin yadda biranen ke rataye da juna, ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da dillalan shanu da kayan gwari suka dakatar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da albasa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar Mile 12 ta Legas, a Arewa kuwa kayan suka riƙa ruɓewa a hannun manoma. Ba a kai mako biyu ba aka janye.

Ushafa tana da nata kason a wannan lissafi, kuma ya fi yadda ake zato. Ruwan famfon da manyan unguwannin Abuja ke sha daga madatsar ruwa ta Usuma yake fitowa, nan kusa da garin. Ginin tukwane kuwa sana'ar matan Gbagyi ce tun kafin a zana taswirar birnin. Cibiyar tukwanen da aka kafa a nan a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, ita ta jawo Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garin a watan Agusta na 2000. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, 'yar wannan yanki ce, kuma yumɓu ne ya kai ta Landan. Abuja tana da dogayen gine-gine, amma idan baƙon waje ya nemi a nuna masa abin da ƙasar ta gada, ƙauyukan Gbagyi da Gwandara da Koro da Gade ake kawo shi.

Saboda haka ana jan hankalin jama'a kan abubuwa biyu. Na farko batun fili. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa mallakar dukkan filayen Babban Birnin Tarayya ga Gwamnatin Tarayya, don haka takardar da aka rubuta a zaure tsakanin mai saye da mai sayarwa ba ta da ƙarfin takardar da hukumar birnin ta bayar. Kafin kowa ya karɓi kuɗi ko ya biya, ya je ofishin filaye ya bincika. Na biyu batun samari. Mai niyyar tafiya Legas ya tafi da sana'a a hannu da adireshin wanda zai sauka wurinsa. Mai sha'awar fatauci ya nemi ubangida a Kano ya koyi ciniki kafin ya zuba jari. Wanda kuma ya iya yumɓu ko noman doya da kayan lambu, ya lissafa yawan bakunan da ke cin abinci kullum daga Bwari zuwa Kubwa da Maitama kafin ya ɗaure jakarsa.