Kawar da Kasaru a Lissafin Aljabara: Lacca ga Masu Shirin Jarrabawa

 

Mas'alar da na zaɓa in yi magana a kanta ƙarama ce a ido, amma duk malamin da ya daɗe yana duba takardun yara zai ba da shaida cewa yaro mai hazaƙa, wanda yake warware lissafin aljabara cikin sauƙi muddin lambobin cikakku ne, da zarar ya ga an ɗora lamba bisa lamba da layi a tsakani, wato kasaru, irin su rabi da sulusi da rubu'i, sai hankalinsa ya tashi, hannunsa ya yi sanyi, ya tsallake tambayar da ba za ta ci masa minti uku ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin asara ce wadda maganinta yana kusa.

Mu fara da asali. Kowace mu'adala, wato jumlar lissafi mai alamar daidai a tsakiyarta, mizani ce mai faranti biyu, kuma hukuncinta guda ne: duk abin da ka yi wa farantin dama, wajibi ne ka yi wa na hagu, ko ƙari ne, ko ɗebewa, ko ninkawa, ko rabawa. Daga wannan hukunci sauran ƙa'idoji suka fito. A ce an ba ka x/2 + x/3 = 10. Abin da ke hana ka tafiya shi ne 2 da 3 da ke ƙasa, saboda haka sai ka nemi mafi ƙanƙantar lamba wadda 2 ke shiga cikinta ba saura, 3 ma haka, ita ce 6, sa'an nan ka ninka kowane yanki na mu'adalar da ita. Rabin x sau 6 ya zama 3x, sulusin x sau 6 ya zama 2x, goma kuwa ta zama 60. Yanzu 5x = 60, x ta fito 12. Kasaru sun tafi tun a layin farko, abin da ya rage lissafin 'yan aji huɗu ne.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma ina so iyaye da malaman zaure da ke nan su saurara da kyau. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin fara'id, ko a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ko a wani littafi na mazhabar Malikiyya, ya san cewa rabon gado da aka ƙayyade cikin Suratun Nisa'i yana tafiya ne da nusufi da rubu'i da sumuni, da sulusani da sulusi da sudusi, kuma ya san cewa mai rabo ba ya taɓa dukiya sai ya fitar da asalin mas'ala, wadda sau da yawa takan tashi daga 6 ko 12 ko 24. Asalin mas'alar nan, ita ce lambar da muka nema ɗazu. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, saura na ɗan ne. Idan aka ce, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, ɗan ya sami naira 340,000, nawa ce dukiyar da aka raba? Mu kira ta x, sai mu rubuta x − x/8 − x/6 = 340,000. A ninka kome da 24, a sami 24x − 3x − 4x, wato 17x, daidai da 8,160,000, sai x ta zama 480,000. Matar ta ɗauki 60,000, uwar 80,000, kuma alƙalin da bai taɓa ganin harafin x ba, da kashi 3 da kashi 4 da kashi 17 cikin 24 zai yanke wannan hukunci, ba tare da ya saɓa mana da ko kwabo ba.

Ba abin mamaki ba ne a ga wannan dangantaka, domin Muhammadu ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya kuma wallafa littafinsa kan hisabin jabru da muƙabala wajen shekara ta 820 Miladiyya, ya ware babban sashe na littafin ga mas'alolin wasiyya da gado, kuma da kalmomi zalla ya rubuta su, babu alama ko ɗaya. Al'adar sa x a gurbin abin da ba a sani ba ta bazu ne daga baya ƙwarai, bayan littafin Descartes na Faransa na 1637.

To, mu komo ɗakin jarrabawa, inda masu tsara tambaya suka san sarai wurin da ƙafar yaro ke zamewa. Ga misali irin wanda suke so: (2x + 1)/3 − (x − 3)/4 = 4. Lambar da 3 da 4 ke shiga cikinta ita ce 12. Yankin farko ya zama 4(2x + 1), na biyu ya zama 3(x − 3) da alamar ɗebewa a gabansa, 4 da ke dama kuwa ta zama 48. Nan ne kuskure na farko yake aukuwa, domin yaro yakan ninka masu kasaru ya bar cikakkiyar lamba yadda take, yana ganin ai ita ba ta da matsala, sai ya ƙare da amsar −9/5, wadda ba ta da alaƙa da gaskiya. Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi ya fi cin yara masu ƙoƙari. Layin kasaru yana ɗaure duk abin da ke samansa ya zama abu guda, saboda haka alamar ɗebewa tana hawa kan x, tana kuma hawa kan −3; ɗebe sau ɗebe kuwa ƙari ne, don haka abin da zai fito shi ne 8x + 4 − 3x + 9 = 48. Wanda ya yi garaje ya rubuta −9 a gurbin +9 zai sami 53/5, ya kuwa yi ta mamakin inda ya ɓata. Maganinsa shi ne a sa lambobin sama cikin baka kafin a ninka, ko da an ga kamar ɓata tawada ne. Daga nan 5x + 13 = 48, sai 5x = 35, x ta zama 7.

Ina da ƙorafi a kan yadda wasunmu malamai ke koyar da ninkawa ta gicciye, a ce wa yaro ya ninka saman wannan da ƙasan wancan, ba tare da an gaya masa dalili ba. Hanyar tana inganta ne kawai idan kasaru guda ne a dama, guda a hagu, kamar x/4 = 3/2, kuma ita ma reshe ce ta ninka ɓangarorin biyu da lamba ɗaya. Yaron da ya haddace ta babu hujja zai kai ta inda yankuna uku suke, ya halaka amsarsa. Gara a koya masa asali, ya gano gajeriyar hanyar da kansa.

Saura tahƙiƙi, wanda mafi yawan ɗalibai ke bari saboda tsoron ƙurewar lokaci. Ka mayar da 7 cikin tambayar ta asali, ba cikin layin da ka rubuta da hannunka ba, domin mai yiwuwa ne kuskuren yana can: 2 sau 7 a ƙara 1 ya ba da 15, a raba 3 ya zama 5, 7 a ɗebe 3 ya ba da 4, a raba 4 ya zama 1, 5 a ɗebe 1 saura 4, daidai da abin da ke dama. A takardar zaɓi, inda amsoshin kuskure kan zauna kusa da ta gaskiya suna jiran mai gaggawa, wannan gwaji shi zai raba maka su. A takardar da ake rubuta aiki kuwa, ku rubuta layin ninkawar nan a fili, kada ku yi shi a ka, domin mai duba takarda yana ba da maki a kan hanya kamar yadda yake bayarwa a kan amsa.