Taron Masu Son Barin Giya

Mashayi a wuri kamar Unguwar Kanawa ba a fili yake sha ba. Sai dare ya yi, sa'an nan ya tafi inda ba a san shi ba. Matarsa ta sani, mai unguwa ya sani, amma kowa ya yi shiru har albashi ya ƙare, aure ya mutu.

A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, waɗansu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane mashayi ya fi jin maganar wanda ya sha ya bari. Asalin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan. Ba kuɗin shiga, ba a tambayar sunan uba. Sukan zauna kowa ya faɗi halinsa, su ƙudura yau ba za su sha ba, gobe kuma a sake ƙudurawa.

Wanda ya zo neman irin wannan taro, a tura shi asibitin masu taɓin hankali na Barnawa, ƙetaren kogi, ya yi tambaya. Ba mahaukata kaɗai ake dubawa can ba. Lalle a fara da likita, gama wanda ya daɗe yana sha, in ya bari farat ɗaya, yakan kamu da makyarkyata da farfaɗiya, wani ma ya halaka.

In mutum uku ko huɗu suka nemi wurin zama, mai unguwa ya ba su zaure bayan lisha. Kada dogari ya tsaya a ƙofa, kada kuma malami ya rubuta sunan kowa a littafi.