Daminarmu Daga Teku Take Tasowa



Mu da muka tashi nesa da gaɓar teku mukan ɗauka hasashen iska da igiyar ruwa sha'anin masunta ne da matuƙa jiragen ruwa kurum. Alhali kuwa iskar kudu maso yamma ce ke kwaso laima daga Tekun Atlantika ta kawo mana hadari. Masana sun danganta farin 1973 da na 1984, waɗanda suka ƙone gero suka karkashe shanu, da sauyin zafin tekun nan: kudancinsa ya yi ɗumi, arewacinsa ya yi sanyi, sai hadari ya kasa hawowa sosai. Don haka muke roƙon gidajen rediyonmu su riƙa karanta wa manoma rahoton yanayin teku da Hausa tun kafin shuka.