Kare Mai Gadi da Fitsarinsa a Cikin Gida: Jawabi ga Magidanta da 'Yan Kasuwar Briqueterie

Iyayenmu maza da mata, masu shaguna da masu tireda, mahauta da masu suya, teloli, da ku uwayen gida da kuke riƙe da tsabtar muhalli, Allah ya ƙara muku lafiya.

Maganar da za mu yi yau magana ce da mutane ke jin nauyin furtawa a cikin taro, wato fitsarin kare a cikin gida. A al'adarmu kare ba abokin zaman ɗaki ba ne. Amma kowa ya sani a nan Briqueterie, da Messa, har zuwa bakin kasuwar Mokolo, akwai gidajen da ɓarayi suka tilasta musu ajiye kare domin gadin sito ko shago ko mota. Filin unguwar nan kuwa kun san yadda yake: gida ya jingina da gida, tsakar gida ɗaya ta haɗa iyali uku ko huɗu, lungu ba ya wuce faɗin kafaɗa biyu. Inda kare ya tsuguna, nan jariri zai yi rarrafe da safe, nan za a shimfiɗa tabarma a ci tuwo da dare, wata ƙila nan za a shimfiɗa sallaya. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa fitsarin dabbar da ba a cin namanta najasa ne, wannan kuwa fagensu ne, a tambaye su. Abin da ya rage gare mu shi ne ɓangaren lafiya, da kuma dabarar hana abin faruwa tun farko.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira leptospirosis. Ƙwayarta tana zama a cikin ƙodar dabba, tana fita tare da fitsari. Babban mai ɗauke da ita ɓera ne, sai kare da saniya da alade. Kare na iya ɗauke da ita wata da watanni yana cin abincinsa yana kaɗa wutsiya, ba ka ga alamar komai a jikinsa ba. Ƙwayar ba ta jure rana da bushewa, amma a cikin laima da taɓo da ruwan kwata tana iya yin makonni da ranta. Ku dubi garinmu Yawunde, mai damina biyu a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba. Idan lambatu ya cika ya malalo cikin gida, duk abin da ɓera da kare suka zubar ya gauraya da shi. Hanyar shigarta jikin mutum kuwa ba sai an sha ba. Faso a dunduniya ya ishe ta, ko yankan wuƙa a hannun mahauci, ko fantsamar ruwa a ido da baki.

Abin da ya sa muke tsoronta shi ne tana shigowa da kamannin zazzaɓin cizon sauro. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da kamuwa, sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon sharaɓa wanda mutum zai ji kamar an doke shi da sanda, idanu su yi ja ba tare da kwantsa ba. Mutum ya sayi maganin zazzaɓi a teburin bakin hanya ya sha, ya jira sauƙi. A wurin wasu takan lafa da kanta. A wurin wasu kuma sai ta juya ta zama shawara, idanu su koma rawaya, fitsari ya ragu domin ƙoda ta fara gazawa. Wani likita Bajamushe, Adolf Weil, shi ya siffanta wannan mummunan nau'in nata a shekarar 1886. Wani ƙiyasi da aka buga a 2015 ya nuna tana kama mutum kusan miliyan ɗaya a duniya kowace shekara, tana kashe kusan 59,000. Alhali tana da magani mai araha idan an gano ta da wuri. Saboda haka idan an gwada jinin mara lafiya ba a ga zazzaɓin sauro ba, ko an sha magani kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, ku koma asibiti, ku gaya wa likita da bakinku cewa akwai kare ko ɓeraye a gidan, ko an shiga ruwan ambaliya. Wannan kalma ɗaya tana iya sauya abin da zai nema.

To, yaya za a hana kare fitsari inda bai dace ba? Sai an fara sanin dalilinsa, domin ba dalili ɗaya ba ne.

Ɗan kwikwiyo bai mallaki mafitsararsa ba tukuna. Masu kiwon karnuka suna ƙiyasta cewa yana iya riƙe fitsari kimanin awa ɗaya a kan kowane wata na rayuwarsa: ɗan wata biyu awa biyu, ɗan wata uku awa uku. Wanda ya kulle kwikwiyo a shago tun bayan isha'i ya dawo da asuba yana faɗa, ya nemi abin da halitta ba ta bayar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku zaɓar masa wuri guda, nesa da rijiya da randa da madafa, nesa da wurin alwala, inda rana take bugawa, a zuba yashi ko tsakuwa. Ku kai shi wurin da igiya a wuya da zarar ya farka daga barci, da bayan ya ci ko ya sha, da bayan ya yi guje-guje, da kafin a rufe ƙofa da dare. Ku tsaya tare da shi. Da ya gama, nan take, kafin ya ɗaga ƙafa ya bar wurin, a jefa masa ɗan guntun nama ko ƙanzo, a yi masa magana da murya mai taushi. Lada idan ta makara ko da minti ɗaya ta ɓace, domin kare ba ya haɗa abin da ya wuce da abin da ke gabansa. A riƙa ba shi abinci a kan lokaci guda kullum, kamar bayan asuba da bayan la'asar, sai cikinsa ma ya bi wannan agogon. Aikin yana ɗaukar makonni, wani karen har watanni, kuma ya fi tafiya daidai idan mutum ɗaya aka ɗora wa shi, babba, ba yaro ɗan shekara shida ba.

A nan zan tsaya kaɗan a kan duka, domin shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi. An dawo daga kasuwa an tarar da jiƙa a bakin ƙofa, sai a jawo kare a goga masa hanci a ciki, a bi shi da bulala. Ko mun ajiye maganar tausayi gefe, dabarar ba ta aiki. Abin da karen ya koya shi ne mutumin nan abin tsoro ne, kuma fitsari a gabansa haɗari ne. Sai ya daina yi a idonku, ya koma bayan buhun shinkafa ko ƙarƙashin gado, inda ba za ku gani ba sai zarni ya tashi. Akwai ma karen da tsoro ne kansa ke sa shi sakin fitsari: da ka sunkuyo kansa sai ya kwantar da kunnuwa ya jiƙa ƙasa. Wannan duka ƙara masa yake yi. Kare mai tsoro kuma shi ne mai cizo, yaran gida ne kuwa suka fi kusa da bakinsa. Idan kun kama shi yana cikin yi, ku tafa hannu sau ɗaya, ku ja shi zuwa wurinsa. Idan kun tarar ya riga ya yi, babu abin da ya rage sai wanki.

Wankin ma yana da ƙa'ida. Hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma duk inda ya ji warin fitsarinsa na jiya, nan zai koma. Kada a fara da watsa ruwa, domin yaɗa shi kawai za a yi. A sa safar hannu ta roba ko a ɗaura leda, a sa takalmi, a zuba yashi ko toka ko garin katako su tsotse, a kwashe. Sannan a wanke da ruwa da sabulu, a ɗauraye. Bayan haka ne za a kawo ruwan javel, ma'auni ɗaya a cikin ma'auni goma na ruwa, a bar shi minti goma. Ina jan hankalinku, iyayena mata: kada a tsiyaya javel kai tsaye a kan fitsarin da ya taru, musamman a ɗaki rufe, kuma kada a haɗa shi da ruwan khal ko wani maganin wanki, domin yana fitar da hayaƙin da ke ƙona ido da ƙirji. Ruwan khal shi kaɗai, a wani lokaci dabam, yana rage zarni a siminti. Tabarma da darduma kuwa a wanke su a shanya a rana har su bushe ƙayau.

Namijin kare da ya kai wata shida zuwa shekara yakan fara ɗaga ƙafa yana ɗiga kaɗan kaɗan a jikin bango, da tayar babur, da buhun da aka shigo da shi daga kasuwa. Wannan ba matsuwa ba ce, shaida yake sawa cewa nan iyakarsa ce, sabon kaya mai baƙon wari kuwa ya fi jan sa. Masu hatsi da masu kilishi, ku ɗora kayanku a kan katako sama da ƙasa, ku rufe ƙofar sito, kare ya yi gadinsa daga waje. Fiɗiya a hannun likitan dabbobi tana rage wannan hali a wurin karnuka da yawa, tana kuma rage yawon neman karya da faɗan da ke biyo bayansa. Shi kuwa karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa yini da kwana, ina zai je? Kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma idan an hana shi zaɓi sai ya saba da ƙazanta, sabon nan kuwa yana da wuyar cirewa. A kwance shi aƙalla sau uku ko huɗu a yini. Kada kuma a hana shi ruwan sha da sunan rage fitsari.

Idan babban kare da ya daɗe da horuwa ya fara fitsari a gida kwatsam, ko yana yunƙuri ba ya fita sai ɗigo, ko akwai jini a ciki, ko yana shan ruwa fiye da kima, ko idanunsa sun yi rawaya, wannan ciwo ne: na mafitsara, ko na ƙoda, ko ciwon sukari, ko ita cutar da muka ambata. A nisanta yara da shi, a kai shi wurin likitan dabbobi. A can ne kuma za ku nemi allurar rigakafin leptospirosis, wadda ake sabuntawa kowace shekara, tare da ta haukan kare, wadda ake fara yi tun yana ɗan wata uku.

Wanda ya gaji ya kori karensa zuwa bola bai rabu da shi ba, domin ya ƙara wa unguwa kare ɗaya marar allura a hanyar yara zuwa makarantar allo. Cutar haukan kare ba a fitsari take ba, a miyau take, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti goma sha biyar cur, a tafi neman allura a ranar, kada a jira a ga ko karen zai haukace. Mu nan an yi mana gata, Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana nan Messa kusa da mu, ana yin wannan allura a can. Ranar 28 ga Satumba kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, ku saurari sanarwar ma'aikatar kiwo game da allurar karnuka a wannan lokaci.

Ku kuma fatake da kuke hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ku wuce Garwa da Marwa, ko ku ƙetara zuwa Mubi da Yola da Kano da Njamena, kuna yin makonni ba ku gida: kafin ku tashi ku damƙa karen a hannun mutum ɗaya sananne, ku nuna masa wurin fitsarin da lokutan abinci, ku bar masa katin allurar a inda zai same shi idan an yi cizo. Idan kuma a can kuka sayo kwikwiyo, likitan dabbobi ya fara ganinsa kafin ya taka tsakar gidan da yaranku ke wasa.